Tabon Haɓa da Ƙagewar Baki: Yadda Ƙashi Ke Toho a Gaɓar Muƙamuƙi

Idan yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro, ko ya hantsilo daga bayan babur ya daki ƙasa da haɓa, hankalin kowa kan jinin yake tafiya. A wanke, a yi ɗinki uku ko huɗu, a liƙa filasta, a ce Allah ya kiyaye gaba. Mako guda ciwon ya kame, abin da ya rage sai ɗan tabo a ƙarƙashin haɓa wanda sai yaron ya ɗaga kai ake gani. Wannan tabon kuwa shi likitocin tiyatar fuska da muƙamuƙi ke fara dubawa duk sa'ad da aka kawo musu yaron da bakinsa ya ƙi buɗuwa. Likita ya ce, "Hajiya, ya taɓa faɗuwa?" Uwa ta ce a'a. Sai an nuna mata tabon take tunawa, shekara huɗu ko biyar baya, ai kuwa ya taɓa faɗowa daga katanga. Ɓarnar da aka yi ranar tana can gaban kunne, inda babu jini a waje, inda ba wanda ya duba.

Ɗora yatsa a gaban ƙofar kunnenka, ka buɗe baki a hankali. Abin da za ka ji yana zamewa a ƙarƙashin yatsan shi ne kan ƙashin muƙamuƙi. Ɗan dunƙule ne mai santsi, yana zaune cikin wani gurbi a gindin ƙoƙon kai, tsakaninsa da gurbin kuma akwai ɗan faifai mai tauri da ke hana ƙasusuwan biyu gogar juna. Motsi iri biyu gaɓar ke yi. Da farko kan yana juyawa a gurbinsa har baki ya buɗe kimanin milimita 20 zuwa 25, daga nan ya zame gaba tare da faifan, bakin ya wangame. Babban mutum mai lafiya yakan buɗe milimita 35 zuwa 50 tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa, wato yatsunsa uku a jere su shige. Abin da ya bambanta wannan gaɓa da gwiwa shi ne muƙamuƙin ƙasa ƙashi ɗaya ne mai gaɓoɓi biyu, dama da hagu, kuma ɗaya ba ta motsi sai da 'yar'uwarta. Ɗaya ta ƙage, baki duka ya rufe.

Dukan da ya sami haɓa ba ya tsayawa a haɓa. Ƙarfinsa yana bin ƙashin ta gefe biyu ya haura, ya buga kan muƙamuƙi da gindin ƙoƙon kai. A babban mutum wuyan da ke ɗauke da kan siriri ne mai tsawo, shi yakan karye, kuma karayar tana faɗawa ƙasa da gaɓar. Akwai rahama a ciki, domin karyewar wuyan ita ke hana kan ƙashin hudawa cikin ƙoƙon kai. Yaro ƙarami ba haka halittarsa take ba. Wuyan nasa gajere ne mai kauri, kan kuma laushi gare shi, ɓawonsa siriri, cikinsa cike da ɓargo da jijiyoyin jini, domin nan ne ɗaya daga cikin wuraren da muƙamuƙi ke girma. Maimakon ya karye a wuya, sai kan ya ruguje ko ya tsage a tsaye, a cikin jakar gaɓar kanta. Jini ya cika wurin, haɗe da ɓarɓashin ƙashi da ƙwayoyin ɓargo.

Wannan gudan jinin shi ne tushen magana. A duk inda ƙashi ya karye a jiki, gudan jini ne ke fara aikin gyara: ƙwayoyin halittar da ba su riga sun zaɓi aiki ba suna shiga cikinsa, su mai da shi zaruruwa, zaruruwan su koma guringuntsi, guringuntsin ya koma ƙashi. Tun 1965 wani likitan ƙashi a Los Anjeles, Marshall Urist, ya nuna cewa a cikin ƙashi kansa akwai abin da ke ba da umarnin yin ƙashi. Ya cire ma'adinan ƙashi, ya dasa abin da ya rage a cikin tsokar dabbobi, sai ga sabon ƙashi ya fito a tsakiyar nama inda babu shi da can. Sinadaran da ke wannan aiki su ne aka sa wa suna BMP. Matsalar ita ce ba su san iyaka ba. Jiki a nan kamar mai ɗori ne da ke aiki cikin duhu, ya laluba ya ji ƙashi biyu kusa da juna, duka da rauni, ya haɗa su ya ɗaure, alhali ɗaya muƙamuƙi ne ɗaya ƙoƙon kai.

Ya kamata a faɗa da wuri, don kada a tsorata iyaye a banza: mafi yawan karayar kan muƙamuƙi suna warkewa ba tare da bakin ya ƙage ba. A yara ma, kan da ya karye yakan sake siffanta kansa cikin shekara ɗaya ko biyu har ya kusa komawa yadda yake. Kaɗan ne ƙwarai ke ƙarewa a ƙagewa. Don haka tambayar da ta daɗe tana cin masana ita ce, me ya sa wannan ya ƙage, wancan bai ƙage ba?

Amsar da ta fi ƙarfi tana kan ɗan faifan nan. Muddin yana nan a mazauninsa, to katanga ce tsakanin ƙasusuwan biyu, kowa ya warke a gefensa. Idan ya yage, ko ya bi ɓallen ƙashin da ya gutsure ya koma ciki, sai ɗanyen ƙashi ya fuskanci ɗanyen ƙashi. Masu bincike a Ostareliya da ƙasar Sin sun gwada wannan a kan tumaki, kuma abin da suka gani ya yi daidai da abin da ake gani a ɗakin tiyata: raunin kan muƙamuƙi shi kaɗai bai cika haɗe gaɓa ba, sai an rasa faifan, an kuma ji wa gurbin da ke sama rauni. Gwargwadon zurfin raunin gurbin, gwargwadon yadda haɗewar za ta zama ta ƙashi tsantsa maimakon ta zaruruwa. Akwai kuma wata tsoka da ke maƙale a kan muƙamuƙin tana jan sa gaba da ciki. Idan kan ya tsage a tsaye, tsokar takan yi ta jan ɓallen da ke hannunta, wasu masana kuma suna ganin wannan jan na yau da gobe yana ƙara yawan sabon ƙashin da ke cika tsakani. Wani abin lura da likitoci a Sin da Amurka suka rubuta a 2008 shi ne, idan tare da karayar kan akwai wata karaya a gaban muƙamuƙi wajen haɓa, kuma ba a gyara ta daidai ba, to ƙashin yakan buɗe ta baya, kututturen da ya rage ya fice waje ya haura ya jingina da ƙashin kumatu, ya manne a can.

Duk waɗannan sai an samu abu guda kafin su yi aiki, wato zama wuri ɗaya. A nan ne, a ganina, mutane da yawa ke ɓata, har da wasu ma'aikatan lafiya, domin abin da kowa ya sani game da karaya gaskiya ne a ko'ina ban da nan. Ƙafa ta karye, a ɗaure, a hana ta motsi har ta kama. Gaɓar muƙamuƙi kuwa hutu ne ke kashe ta. Motsi na kullum yana tsinka zaruruwan da ke ƙoƙarin ƙetarawa daga ƙashi zuwa ƙashi tun suna ɗanye. Yaron da ke jin zafi idan ya tauna zai daina tauna, uwa ta tausaya ta koma ba shi kunu da shayi, mako ya zama wata, ba wanda ya ce masa ya buɗe baki. Wanda aka ɗaure wa muƙamuƙi da ƙyalle a gida, ko aka ɗaure haƙoransa da waya a asibiti aka bar shi mako shida kamar mai karayar tsakiyar muƙamuƙi, shi ma hanya ɗaya suka bi. Haka wanda ya yi haɗarin mota ya kwanta makonni bai san inda kansa yake ba: ana ta fama da ƙwaƙwalwa da ƙirji, ba wanda ya tuna da baki, ga shi kuma raunin ƙwaƙwalwa kansa yana sa jiki saurin yin ƙashi a inda bai kamata ba, a ƙugu da gwiwar hannu da kafaɗa. Shi ya sa idan karayar a cikin gaɓar take, likitocin wannan fanni ba sa ɗaure bakin yaro sai dole, idan ma sun ɗaure ba ya wuce mako ɗaya zuwa biyu, daga nan sai abinci mai laushi da motsa baki.

Abin da ya fi yaudara a wannan ciwo shi ne ba ya zafi. Zafin faɗuwa ya wuce cikin makonni, ƙagewar kuma a hankali take zuwa. Yau yatsa uku, bayan wata biyu yatsa biyu, baɗi ko cokali ba ya shiga. Yara kuma gwanayen dabara ne. Za ka ga yaro yana mulmula tuwo ƙanana yana turawa da ɗan yatsa ta giɓin haƙorin da ya faɗi, ko ya cusa loma ta gefen kumatu ya danna ta ta bayan turamen haƙora, ko ya zuƙi fura ta tsakanin haƙora. Magana tana fita, sai dai a dunƙule. Tunda yana ci yana wasa, gida sai a saba. Wasu su ce haka Allah ya yi shi, wasu su ce iska ce ta taɓa shi, a yi ta hayaƙi da rubutu. Ba na ganin laifin uwar da ba ta haɗa faɗuwar bara da rufewar bakin bana ba. Ba wanda ya gaya mata akwai dangantaka.

Lokacin da ake jira, fuska tana ci gaba da girma, gefen da ya ƙage kuwa an bar shi a baya. Idan gefe ɗaya ne, haɓar takan karkata ta nufi gefen da ke da ciwon. Wani abin mamaki, gefen mai ciwon shi ke bayyana a cike, mai lafiyar ya zama kamar a shafe, har iyaye su riƙa nuna wa likita gefen da ba shi ne ba. Idan gefe biyu ne, muƙamuƙin ƙasa duka ya tsumbure, haɓa ta shige ciki kamar babu ita, haƙoran sama su yi gaba. Gwargwadon ƙanƙantar yaro lokacin da abin ya same shi, gwargwadon munin karkacewar. Wanda ya ƙage yana babba fuskarsa ba ta canzawa sosai, bakin ne kawai ke rufewa.

Tsumburewar haɓa ba maganar kyau kaɗai ba ce. Harshe a jikin muƙamuƙi yake, idan ƙashin ya koma baya harshe ma ya koma baya ya matse maƙogwaro. Irin waɗannan yara suna minshari mai ƙarfi, numfashinsu yana ɗaukewa cikin barci, su farka a firgice, da rana su yi ta gyangyaɗi a aji, jiki ya ƙi girma. Buroshi ko asuwaki ba sa kaiwa cikin haƙora, sai ruɓewa da ƙurji, likitan haƙori kuma ba shi da ƙofar shiga. Amai kansa haɗari ne ga wanda bakinsa ba ya buɗuwa. Sai kuma abin da ba a auna shi da ma'auni: yarinyar da ta daina cin abinci a gaban mutane, ta riƙa rufe rabin fuska da mayafi, ta bar makaranta saboda tsokana.

Faɗuwa ba ita kaɗai ke kawo wannan ba. Jariri na iya samun raunin tun wajen haihuwa mai wuya, idan an jawo kai da ƙarfe. Kunnen da ke zubar da mugunya shekara da shekaru yana iya kai ƙwayoyin cuta cikin gaɓar, domin siririn ƙashi ne kawai ya raba su. Kafin zuwan magungunan kashe ƙwayoyin cuta wannan ne babban sanadi a Turai. A ƙasar Hausa kuma akwai cutar noma, wadda ke cin kumatu da dasashin yaran da yunwa da ƙyanda suka raunana. Wanda ya tsira daga gare ta yakan tashi da tabo mai tauri a kumatu, wani lokaci har da gadar ƙashi tsakanin muƙamuƙin sama da na ƙasa, alhali gaɓar kanta lafiyarta ƙalau. Asibitin yara masu cutar noma da ke Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, buɗe irin waɗannan bakunan na cikin aikinsa na kullum, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bayan ƙoƙarin da Nijeriya ta jagoranta. Matsalar ƙagewar baki daɗaɗɗiya ce a wannan yanki: tun 1983 Farfesa Adekeye ya wallafa nazarin marasa lafiya 76 da aka gani a Kaduna.

Akwai kuma masu kama da ita da ba ita ba. Ƙashin kumatu idan ya karye ya lotsa ciki yakan tare hanyar wani ƙahon ƙashi na muƙamuƙi, baki ya ƙi buɗuwa. Tsokar tauna kanta, bayan duka ko allura ko cire haƙori mai wuya, takan yi ƙashi a cikinta, ko da yake wannan ba kasafai ba. Tetanus, mai sarƙe haƙora, ita cikin kwanaki take rufe baki, da sandarewar jiki, kuma maganar gaggawa ce ta daban. Wadda ta fi buƙatar a yi hattara da ita ita ce wata cutar gado da ake taƙaita sunanta da FOP, mai samun kamar mutum ɗaya cikin miliyan ɗaya zuwa biyu. Masu ita tsokarsu da jijiyoyinsu ke rikiɗewa ƙashi bayan ɗan rauni kaɗan. A 2006 masu bincike a Jami'ar Pensilbaniya, Eileen Shore da Frederick Kaplan, suka gano cewa canji ne a ƙwayar gado mai karɓar saƙon sinadaran BMP ɗin nan, sai ta riƙa amsawa fiye da kima. Ƙwarangwal ɗin wani mai cutar, Harry Eastlack, wanda ya rasu a 1973, yana ajiye a gidan tarihin likitanci na Mütter a Filadelfiya. Kafin rasuwarsa muƙamuƙinsa ma ya haɗe. Alamarta tun haihuwa tana babban yatsan ƙafa, gajere kuma a karkace. Ga mai wannan cuta, allurar kashe zafi a bayan muƙamuƙi ko wangame baki da ƙarfi wajen likitan haƙori na iya rufe bakin har abada, tiyata kuma ƙara ƙashin take yi. Likita mai hankali yakan sa a cire wa yaron takalmi kafin ya yi maganar wuƙa.

Hoton ƙashi na yau da kullum yana nuna akwai matsala, amma ba ya nuna zurfinta, domin ƙasusuwan gindin kai suna hawa kan juna a hoton. Sai hoton siti-sikan ke nuna faɗin dunƙulen da yadda ya shiga ciki. Wani likita a Indiya, Sawhney, bayan ya bi marasa lafiya 70, ya kasa ciwon gida huɗu a 1986, daga gaɓar da zaruruwa kawai suka ɗaure, zuwa wadda ƙashi ya haɗe bakinta na waje, zuwa wadda gada ta tashi daga muƙamuƙi ta kama ƙashin kumatu, zuwa ta ƙarshe inda babu sauran alamar gaɓa, sai dunƙulen ƙashi ɗaya daga muƙamuƙi har gindin kai. Har yau da wannan rabon ake magana. Ba mamaki daga Indiya ya fito. Can da Masar da Nijeriya da ire-irensu ne ake ganin ciwon da yawa, inda yaro ke faɗowa daga soro ko bishiya kuma likitan muƙamuƙi ke da nisa.

Idan ƙashi ya riga ya haɗe, babu ƙwaya ko man shafawa ko tausa da za su narkar da shi. Masu cusa cokali ko itace su ɓanɓara haƙora kawai suke karyawa. Sai tiyata, tiyatar kuma tun kafin a fara ta take da wuya. Mai ba da maganin barci yana buƙatar zura bututun numfashi a maƙogwaro, hanyar da ya saba bi kuwa a rufe take. Inda akwai kayan aiki, ana zura siririyar kyamara mai lanƙwasa ta hanci a bi da bututun. Inda babu, ko dai a laluba ta hanci da ƙwarewa, ko a huda maƙogwaro ta wuya. Wannan kaɗai ya isa dalilin da ya sa ba aikin ƙaramin asibiti ba ne, sai manyan asibitocin koyarwa masu sashen tiyatar fuska, irin na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri.

Ana shiga ta gaban kunne, a haura cikin gashi don tabon ya ɓuya. Jijiyar da ke motsa fuska ta nan take ratsawa, idan aka ja ta da yawa gira ta daina ɗagawa ko ido ya ƙi rufuwa, galibi na ɗan lokaci. Bayan dunƙulen ƙashin, ta ciki, akwai babbar jijiyar jini da ba a ganinta sai an kusa cimma ta. Sama kuma ɗan siririn ƙashi ne tsakanin likita da ƙwaƙwalwa. Tsoron waɗannan biyun ne ke sa wanda bai ƙware ba ya yanke na waje ya bar na ciki, bakin ya ɗan buɗe a kan tebur, bayan shekara ya koma yadda yake.

Tarihin wannan tiyata tarihin faɗa da dawowar ƙashi ne. A 1854 George Humphry a Kambirij ta Ingila ya yanke kan muƙamuƙi don ya saki baki. Ba a jima ba aka gane cewa rata kaɗai ba ta isa, jiki yana sake cike ta, sai Verneuil a Faransa ya kawo shawarar a 1860 a sa nama a tsakani. A 1920 Harold Gillies, wanda ya yi suna wajen gyaran fuskokin sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya yi amfani da haƙarƙari mai guringuntsi a kai don maye gurbin kan muƙamuƙi. Tsarin da yawancin likitoci ke bi yanzu Leonard Kaban da abokan aikinsa a Amurka ne suka tsara shi a 1990, suka sabunta shi don yara a 2009. Gundarinsa shi ne a cire ƙashin duka ba tsoro, musamman na ciki. A yanke ƙahon da tsokar gefen kai ke riƙe da shi, domin shekarun rufewa sun sa ya yi tsawo tsokar ta ƙanƙance. Idan har bakin bai kai milimita 35 ba a kan tebur, a yanke na ɗaya gefen ma ta cikin baki. A shimfiɗa wani abu a gurbin. A gina sabon kai. A fara motsi da wuri.

Abin da za a shimfiɗa ɗin an gwada iri-iri. Idan an tarar da faifan asali a ɓoye ta ciki, shi ya fi, a jawo shi a mayar. Idan babu, a juyo wani yanki na tsokar gefen kai. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta kitse, saboda sauƙinta da yadda ta tafi kai tsaye ga tushen matsalar. Larry Wolford a Dalas ya ba da rahoto a 1997 cewa cusa kitsen cikin mara lafiya a kewayen gaɓar roba da ƙarfe da aka dasa masa yana rage dawowar ƙashi, George Dimitroulis a Melbon kuma ya yi amfani da kitse haɗe da ƙasan fata a 2004. Hikimar ita ce, ramin da aka bari bayan yanke ƙashi jini zai cika shi, jinin kuma mun ga abin da yake zama. Kitse ya riga jinin shiga, ya hana shi wurin zama.

Gina sabon kai shi ne inda har yau ba a daidaita ba. Haƙarƙari na jikin yaron ne, ba a saye, kuma yana iya girma tare da shi, amma girmansa ba shi da alƙawari: wani ya ƙi girma, wani ya zarce har ya tura haɓa ɗaya gefen, wani ma ya sake haɗewa da ƙoƙon kai. Akwai hanyar jan ƙashi, wadda Ilizarov ya ƙirƙiro a Rasha don ƙafafu, Joseph McCarthy kuma ya kawo ta muƙamuƙi a 1992: a yanka ƙashi, a ɗaura na'ura, a riƙa juya ta milimita ɗaya kullum, sabon ƙashi yana cika ratar. Ga yaron da numfashinsa ke ɗaukewa a barci, wasu likitoci sukan fara jawo haɓar gaba da wannan hanya kafin su saki gaɓar. Ga babba, musamman wanda aka yi wa aiki sau biyu ko uku abin yana dawowa, gaɓar ƙarfe da roba da aka ƙera daidai da hoton kansa ita ta fi ba da sakamako, sai dai kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin masu wannan ciwo a ƙasashenmu. Ana kuma aron dabaru biyu daga likitocin ƙugu, maganin indometasin da ɗan hasken radiyeshan bayan aiki, don hana ƙashi dawowa. Shaidar amfaninsu a muƙamuƙi ba ta da yawa, kuma haska fuskar yaro mai girma abu ne da ba a yi da wasa.

Duk wannan ƙwarewa rabin aiki ce. Sauran rabin yana hannun mara lafiya da iyayensa, kuma shi ne mai ɗaci. Kwanaki kaɗan bayan tiyata, wurin na kumbure, za a miƙo 'yan sandunan katakon nan masu faɗi da likita ke danne harshe da su. A jera su a kan juna, a sa tsakanin turamen haƙora, a zura ƙarin ɗaya a tsakiyar jerin har tsoka ta miƙe, a riƙe, a saki, a sake. Sau da yawa a yini, kullum, wata shida zuwa shekara. Tsokar da ta yi shekara bakwai ba ta miƙe ba tana zafi, yaro zai yi kuka, kaka za ta ce a ƙyale shi haka ya sha wuya. Iyalin da suka zo daga ƙauye mai nisa, suka sayar da dabba suka biya kuɗin aiki, da wuya su iya dawowa asibiti duk wata. Mafi yawan bakunan da suka sake rufewa, ko dai an bar ƙashi a ciki, ko sandunan nan sun koma ƙarƙashin katifa. Shi ya sa wasu likitoci ke jinkirta aiki ga yaro ƙarami sosai har ya kai shekarun da za a iya lallashinsa, wasu kuma su ce jiran yana ƙara ɓata fuska da numfashi. Kowanne yana da hujja. Ni dai na fi karkata ga a yi da wuri idan an tabbatar akwai babba a gidan da zai tsaya a kan motsin ba sassauci, a kuma ba shi maganin rage zafi isasshe, don kada a bar uwa ita kaɗai da kukan.

Idan aka kwatanta wannan doguwar wahala da abin da ake buƙata a makon farko, abin takaici ne. Duk wanda ya ɗinke haɓar yaro, ko a ƙaramin asibitin ƙauye ne, minti biyu sun ishe shi ya danna gaban kunnuwa biyu ya ga ko akwai zafi ko kumburi, ya leƙa ko jini na fita ta kunne, ya sa yaron ya cije ya ga ko haƙora na haɗuwa yadda suka saba, ya sa ya buɗe ya ga ko haɓa na karkata gefe. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a tura shi hoto. Masu babur kuma su sani hular kwanon da ta tsaya a kunne ba ta kare haɓa, sai mai rufe fuska duka. A gida, gwajin yatsu uku na yaron kansa, sau ɗaya a mako har wata shida bayan faɗuwa, ba ya cin ko kwabo. Idan uku sun koma biyu, a lokacin zaruruwa ne kawai, kuma motsa baki a hannun masana, wani lokaci da ɗan ƙaramin aiki, yana iya tsinka su.

Wanda aka riga aka yi wa tiyata yana yaro, ba a sallamarsa da buɗewar baki. Ana auna ratar haƙoransa da ma'auni duk zuwa, ana duban inda haɓa ta nufa, har girman fuska ya tsaya wajen shekara 16 zuwa 18, ga maza ma yakan ɗan wuce haka. Da yawa daga cikinsu a lokacin ne ake jera musu haƙora da waya, a yi aiki na biyu a daidaita muƙamuƙin sama da na ƙasa, a jawo haɓar zuwa tsakiya.